Tabon Shayin Abba

Assalamu alaikum, ku masu bibiyar rayuwata kamar ba ku da taku. Yau ku gyara zama sosai, domin abin da na aikata a makon nan ko aminiyata ban iya faɗa wa ido da ido ba. Ku dai tunda ba kwa ganin fuskata, zan iya.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce babba a gidanmu. Daga ni sai ƙanwata Auta, sai Umma. Abba ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Aikina a wani babban kantin kayan lantarki ne, ɓangaren injinan wanke kafet. Tun safe nake tsaye cikin shuɗiyar rigar aiki da mayafina, gabana wani guntun kafet da nake zuba wa lemo da gangan, in wanke a gaban jama'a, in sake zubawa. Auta ta ce a duniya ni kaɗai ake biya don na ɓata abu.

Sai kuma Gwaggo, yayar Abba, wadda ta ɗauki maganar aurena ta mayar da ita sana'a. Duk sanda ta zo gidanmu, kafin ta cire takalmi sai ta tambaya, "To, har yanzu shiru?" Umma kuwa ba ta da yawan magana, kuma abin tsoron ke nan. Wani ya taɓa zuwa gaishe ta, da mota mai sheƙi da turare mai hawa kai. Ta saurare shi har ya gama, da ya fita ta ce, "Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Shi ke nan, ko sunansa ba a ƙara ambata a gidan ba. Lokacin ban damu ba, don ni ma bai kwanta min ba. Wannan karon kuwa na damu, na damu ƙwarai, shi ya sa na yi wautar da za ku ji.

Shi wannan na yanzu, mu a kanti Malam Tambaya muke ce masa. Kashiyarmu, mai karɓar kuɗi, ce ta raɗa masa, kuma ba ta zalunce shi ba. Dogo ne, da tabarau, yana magana a hankali kamar mai tsoron kada kalma ta fashe a hannunsa. Ranar farko ya tsaya a gaban guntun kafet ɗina ya ce, "Malama, duk waɗannan tururi suke fitarwa?"

Na ce, "A'a, suna ne kawai. Wannan babban mai tsayen, ruwan ɗumi da sabulu yake fesawa. Tanki biyu gare shi, ɗaya na ruwa mai kyau, ɗaya na datti. Ya fesa, burushi ya cuɗa, sannan ya zuƙe. Shi ake so in falo guda za a wanke."

"In ya zuƙe shi ke nan ya bushe?"

"In ka yi yadda ya kamata. Ka bi sau ɗaya da feshi, ka bi sau biyu ko uku da zuƙa kawai. Mutane garaje suke yi, su yi ta danna feshi har ruwa ya kai ƙasan kafet. Ka ga tabo ya ɓace ka yi murna, ashe can ƙasa ya shige. Kafet yana bushewa, tabon yana biyo zaren yana hawowa. Sai ka wayi gari ka gan shi ya dawo yana kallonka."

Ya gyara tabarau ya ce, "Ya dawo yana kallona." Ya maimaita kamar ɗalibi. Sannan ya saya.

Ba a jima ba ya dawo. Wai babban ya yi masa nauyi wajen hawa bene. Na nuna masa ƙaramin na hannu, mai kamar bokiti da gajeren tiyo, wanda ake bin tabo ɗaya-ɗaya da shi, a kujera ko a matakala ko a mota. Ya tambayi tsawon wayarsa, ya tambayi ko yana da ƙara, ya tambayi ko ni wanne nake so a cikinsu. Na ce ni ba a tambayata wannan. Ya saya.

Zuwa na gaba ya ce shi fa tururi na gaske yake nema. Na janyo masa mai tukunya, wanda ke tafiya a kan tayoyi kamar ɗan kwikwiyo yana bin mutum. Na ce wannan shi yake tafasa ruwa ya fitar da tururi zalla, ba sabulu, yana kashe wari da ƙwayoyin cuta, amma ba ya zuƙar datti, sai ka bi da tsumma. Na gargaɗe shi kada ya matsa wa kafet na ulu da shi, zafi yana sa ulu ya takure. Ya ce, "Kamar mutum ke nan." Na yi kamar ban ji ba, amma na ji.

Yana fita kashiya ta leƙo daga teburin karɓar kuɗi ta ce, "Ke, bawan Allahn nan otal gare shi?"

"Ina ruwana? Kwastoma ne."

"Kwastoma? Mutumin da kike bayani yana kallon bakinki, injin kuwa ko sau ɗaya bai kalla ba?"

Na ƙarshe shi ne mai sanda, mai kamar mopa. Na gaya masa gaskiya, na ce wannan na tayil ne, sai dai ana sa masa wani takalmin roba ya zame a kan kafet, ya ɗan farfaɗo da samansa kawai. Abin mamaki, a kan wannan ne ya yi tambayoyi masu ma'ana, har da yadda ake wanke ƙyallen ƙasan. Da na yi hankali da tun a nan na gane wani abu. Amma hankalina ya tafi wajen katin da ya ajiye a kan kwalin, yana cewa ko da injin zai ba shi matsala. Na ce ai in injin ya ba shi matsala shi zai kira mu, ba mu za mu kira shi ba. Ya ce, "Haka ne. To ko da ke za ki ga dama."

Na ga dama. Kada ku tambaye ni bayan kwana nawa.

Daga nan sai saƙonni. Shi ba ya iya turo kalaman nan masu zaƙi da ake kwafowa. Nasa sai ka ga: "Malama, yau na ga wani ya zubar da lemo a ofis, na tuna ki." Ko kuma: "Kin ci abinci, ko har yanzu kina ɓata kafet?" Ni kuma in zauna ina murmushi ni kaɗai har Auta ta ce wayata ta fara ba ni ƙwaya. Rannan da yamma sai ga wannan:

"Ina so in zo in gaishe da Umma. Ba na son in ci gaba da yi miki magana ba da saninta ba."

Na karanta, na kife wayar, na sake buɗewa na karanta. Na san Umma sau ɗaya take kallon mutum. Na same ta tana ninke kaya na faɗa mata, idona a ƙasa. Ta ce, "Ya zo ranar Asabar bayan la'asar." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Yanzu bari in gaya muku labarin falonmu. Ba babba ba ne. Kujeru ruwan ƙasa, labule mai furanni da Auta ta tsana, kabad mai gilashi inda Umma ke jera kwanukan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. A tsakiya kuma kafet, na ulu, ja mai duhu da gefe ruwan madara. Abba ne ya saye shi tun ina firamare. A gefen nan mai haske, dab da ƙafar doguwar kujera, akwai wani tabon shayi mai faɗin tafin hannu, ya yi ruwan ƙasa ya zauna daram. Nan Abba yake zama. Shi ba ya son kujera, a ƙasa yake miƙe ƙafa ya jingina da ita, kofinsa a gefen gwiwa, rediyo a kunne. Na san tabon nasa ne, amma a wajena tabo tabo ne. Sau da yawa na ce wa Umma in kawo inji in wanke, sai ta ce, "Ki bar min kafet ɗina." Na ɗauka irin ta manya ce, ba su yarda da abin da ake sa wa a soket ba.

Gwaggo ta zo ana jibi zai zo, ta tsaya a tsakiyar falo ta riƙe ƙugu tana juyawa kamar mai duba gidan haya. Idonta ya sauka a kan tabon.

"Wai a nan za a saukar da baƙon?"

Na ce, "Eh, Gwaggo."

"Mutumin da ya same ki kina sayar da injin wanke kafet? Ya shigo ya ga wannan taswirar? Ai sai ya ce duk bayanin da kike yi a kanti baki ne kawai. Ke ko kunya ba kya ji?"

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Ta matso ta rage murya ta ce ranar Asabar da safe za ta ja Umma su je duba wata maƙwabciyarsu ta da da ta haihu, in yi abin da ya kamata kafin su dawo. "In ta ga ya yi fes ai godiya za ta yi." Na ce to. Auta tana daga ƙofar kicin tana girgiza kai, ta ce ita dai ba ta ji ba, ba ta gani ba.

Ranar Juma'a na roƙi manaja aron babban mai tsayen da muke gwaji da shi, na shigo da shi ta baya na ɓoye a ɗakinmu, na lulluɓe shi da zanin gado. Da a ce ina cikin hayyacina, ƙaramin na hannu zan ɗauko, in bi tabon a hankali, in bar sauran. Amma na riga na ƙudurta sai falon nan ya yi kamar na talla.

Asabar ta zo, Gwaggo ta makara. Ta ce da safe, ba su fita ba sai da rana ta take. Suna fita na ja teburin tsakiya gefe, na cika tanki, na zuba sabulu ba tare da na auna ba, na kunna. Jama'a, duk abin da nake hana kwastomomi sai da na yi shi ranar. Yatsana bai bar maɓallin feshi ba. In je in dawo, in je in dawo, ruwan da ke taruwa a tankin datti ya yi baƙi ƙirin, ni kuma daɗi yana kama ni. Da na iso kan tabon na tsaya a kansa, na fesa, na cuɗa, na ƙara fesawa, ina kallonsa yana dusashewa har ya ɓace gaba ɗaya. Na ɗauki hoto ma, don rashin hankali.

Ina shirin fara bin sa da zuƙa sai wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce: "Mun taso. Uwarki ta ƙi zama."

Na bi shi sau ɗaya a guje, na kashe injin, muka ja shi ni da Auta muka tura ƙarƙashin zanin gado. Na dawo na taka kafet ɗin da tafin ƙafa. Ya ce caɓal. Auta ta toshe hanci ta ce, "Yaya, falon nan warin jiƙaƙƙiyar tunkiya yake." Na fesa turaren ɗaki har muka fara tari, na kunna fanka, na ruga wanka.

Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ɗinki a wuya, da mayafi ruwan madara, na ɗan zizara kwalli. Ina ɗaura agogo na ji sallamar Umma. Na fito da murmushina na mai jiran yabo.

Umma ta cire takalmi ta sa ƙafa ɗaya a kafet, sai ta janye. Ba ta kalle ni ba. Kai tsaye idonta ya tafi gefen doguwar kujera. Ta daɗe tana kallon wurin, jakarta a hannu. Gwaggo ta ce, "Kai, ma sha Allah! Kin ga yadda ya koma sabo?" Umma ta ajiye jakarta. Ta taka a hankali har wurin, ta durƙusa, ta shafa gefen nan mai haske da tafin hannunta, kamar mai neman abin da ya faɗi.

Ta ce, "Ina yake?"

Na ce, "Umma, tabon? Ai na..."

"Ranar da za a kai shi asibiti ya zubar." Muryarta ba ta tashi ba. "Hannunsa yana rawa. Na ɗauko tsumma, ya ce in bari, in ya dawo zai goge da kansa, tunda shi ya ɓata."

Wallahi ban sani ba. Ina makaranta ranar, ba wanda ya taɓa faɗa min. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Gwaggo ma ta nemi hannun kujera ta zauna, don ƙaninta ne. Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Auta ta leƙa ta dawo tana raɗa, "Ya zo. Kuma fararen kaya ya sa."

Farare tas, riga da wando, guga har tana ɗaukar ido, da ledar tsaraba a hannu. Ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya sa safarsa a kan kafet. Na ga lokacin da sanyin ruwan ya ratsa shi, girarsa ta ɗan ɗaga. Na yi masa nuni da kujera da ido, da hannu, da duk abin da Allah ya ba ni. Amma Umma ta riga ta koma kan doguwar kujera, shi kuma ba zai zauna daidai da ita ba. Ya zo gabanta ya naɗe ƙafa ya zauna a ƙasa, a kan wurin da ya fi ko'ina shan ruwa.

"Ina wuni, Umma. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau." A taƙaice.

Ya gaishe da Gwaggo, ya tambayi gida, ya tambayi jiki. Ni ina tsaye a bakin labule ina kallon ruwa yana hawa farin wandonsa, kuma ba ruwa kaɗai ba, har da jan rinin kafet. Gwiwarsa ta fara zama ruwan hoda. Bai motsa ba, bai gyara zama ba, ko kallon wandon bai yi ba. Auta ta kawo lemo, ta ga abin da ke faruwa, ta ajiye tiren ta fice da gudu, ina jin ta tana dariya a cikin filo.

Gwaggo, da ba ta iya zama da shiru, ta ce, "Ka yi haƙuri da danshin, ɗana. 'Yar tamu ce ta yi mana gwaninta. Akwai wani tabo na mahaifinta a nan, uwarta tana ji da shi, ta zo ta wanke shi tas." Ko a jikinta, kamar ba ita ta kitsa ba.

Ya kalli gefen kafet ɗin, ya kalli Umma, sannan ya danna tafin hannunsa a ƙasa. Ruwa ya taso tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Umma, in ba za ki ga na yi shisshigi ba, ina ganin zai dawo."

Karo na farko ta dube shi sosai. "Me zai dawo?"

"Tabon. Babban inji aka sa, kuma ruwan ya kai ƙasa. In aka cika feshi ba a zuƙe ba, tabo ba ya fita, can ƙasa yake shigewa. Kafet yana bushewa yana biyo zaren yana hawowa. Sai a wayi gari a gan shi." Ya gyara tabarau. "Ita ce ta faɗa min, ranar da na fara ganin ta."

Maganata ce, kalma da kalma. Ni da na faɗe ta ga mutane ba adadi, tashin hankali ya sa ko tuna ta ban yi ba.

Umma ta ce, "Kai ka taɓa gani da idonka? Naka ya taɓa dawowa?"

Ya janye hannunsa daga kan kafet. Abu ne mai sauƙi ya ce eh, ba wanda zai bi shi gida ya duba.

"A'a, Umma, ban taɓa gani ba." Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ma ni ba ni da kafet. Gidana duk tayil ne."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ba ka da me? To injinan da aka ce ka yi ta saya fa?"

"Suna nan a kwalayensu, Gwaggo. Mai sandan dai ina amfani da shi." Ya ɗan saci kallona ya mayar da ido ƙasa. "Ban san yadda ake fara yi wa mutum magana ba, sai ta hanyar abin da ya iya. Amma tunda na san ta ban taɓa jin ta faɗi abin da ba haka yake ba. Ko ranar da za ta yi ciniki, sai da ta gaya min wanda ba zai yi min amfani ba. In ta ce yana dawowa, yana dawowa."

Na rantse na ga gefen bakin Umma ya motsa, amma ta danne. Ta ce, "To. Za mu gani."

Da ya miƙe zai tafi, Allah ya isa tsakanina da kafet ɗin nan. Gwiwoyi biyu ja, bayan riga ja, safa tana fitar da sawu a kan simintin baranda. Ya yi sallama da mutuncinsa kamar ba abin da ya faru, ya fita yana tafiya a gicciye don kada maƙwabta su ga bayansa. Na raka shi bakin ƙofa na kasa cewa komai sai "Ka yi haƙuri." Ya ce, "Ba komai. Wanne inji ne yake cire rini a wando?"

Na dawo na tarar Gwaggo ta ƙure fanka tana buɗe tagogi. Na ce, "Gwaggo, a kashe." Ta ce in kashe kafet ya ruɓe? Na ce in ya bushe da sauri tabon ba zai samu hawowa ba, a bar shi ya sha iska a hankali. Karo na farko a aikina da nake roƙon Allah aikina ya ɓaci. Umma tana jin mu, ta ce, "A kashe." Abin da kawai ta ce ke nan, ta shige ɗaki. Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

Lahadi gaba ɗaya ba komai. Ina wucewa ta falo ina satar kallon gefen kujera, fari fat kamar yana min gwalo. Gidan yana warin tunkiya, Auta tana yawo da turare a hannu. Umma tana amsa gaisuwata, tana cin abinci, amma ba ta zauna a falo ba ko sau ɗaya. Saƙonsa ya shigo: "Ya dawo?" Na ce, "Tukuna." Ya ce, "Wandon ma bai dawo ba, muna tare." Na yi dariya, sai kuma na ji hawaye. Domin na san halin Umma. In tabon nan bai dawo ba, ni na goge mata abin da ba ya sayuwa, shi kuma ya zama mutumin da ya zo ranar farko ya faɗa mata abin da bai tabbata ba.

Litinin da safe na shirya zan tafi aiki, rigar aiki a jiki, takalmi a hannu. Na fito falo na ga Umma zaune a ƙasa, ta jingina da doguwar kujera, ta miƙe ƙafa. Ban taɓa ganin ta zauna a nan ba. Tafin hannunta yana kan gefen kafet. Da ta ji motsina ta ɗaga hannun.

Yana nan. Bai kai na da duhu ba, gefensa ya ɗan baje, amma shi ne, a inda yake, dab da ƙafar kujera.

Na zube a gabanta na ce, "Umma, ki yafe min."

Ta ce, "Tashi kada ki jiƙa kayan aiki, har yanzu da saura." Ta sake kallon tabon, idonta ya cika amma tana murmushi. "Abbanku ke nan. Ko a raye ba a korar sa daga wurin nan."

Can ta nuna kabad mai gilashi da haɓa. A can sama, bayan kwanukan da ba a taɓawa, akwai kofin Abba, fari mai bakin shuɗi. Tun rasuwarsa ba wanda ya sauko da shi, ko Gwaggo ba ta isa ba.

"Sauko min da shi ki wanke. Da hannu, ba da injinki ba."

Na ce, "Umma, shayi za ki sha?"

"Ba ni ba. Ki ce wa yaron nan ya dawo ranar Asabar, bai sha komai ba rannan." Ta gyara mayafinta, ta kau da kai don kada in ga fuskarta. "Kuma ki ce masa ya sa baƙin wando."

Ga ni nan a kanti yanzu, a bayan kwalayen masu tukunya nake rubuto muku wannan, kashiya tana ta leƙe. Na rubuta masa saƙon na goge, na sake rubutawa na goge. Shi kuwa tun ɗazu nasa ya shigo yana jira: "Malama, ina da tambaya. Ya dawo?"